Waiwaye: sama da shekara 130 mage na wahalar da daraktocin fim

Duk wanda ya taɓa kiwon mage ya san halinta, baka isa ka sata abinda batayi niyya ba. Kare kace masa zauna ya zauna, ka wurga sanda ya ruga ya ɗauko, doki ma da linzami an gama magana. Ita kuwa hajiya sai ta kalleka ta lumshe ido taci gaba da lasar ƙafarta kamar da bango kake. Tamu ta gida, wata ja mai farin wuya, ko sunanta ka kira kunne ɗaya kawai take motsawa, sai fa in taji ƙarar murfin tukunya, nan ne zaka ganta a gabanka kamar an jefota. Toh wannan halin ne 'yan fim suke fama dashi tun ranar da aka fara ɗaukar hoto mai motsi.

Abin ya faro tun 1894. A sutudiyon Thomas Edison dake New Jersey a Amurka, wani ɗan ɗaki baƙi da suke kira Black Maria, aka ɗauki wasu maguna biyu an sa musu safar dambe a hannu an sakasu cikin ɗan ƙaramin fili mai igiya suna kaiwa juna naushi. Fim ɗin ko rabin minti bai kai ba. In ka kalla da kyau zaka ga mai wasa dasu, wani da ake cewa Farfesa Welton, yana bayansu ya riƙe kowacce ta baya yana murmushi, wato da ya saki hannu shikenan dambe ya tashi kowa ta kama gabanta.

Da masu zane suka shigo sai suka ga ai ga hanya mai sauƙi, magen da ka zana da hannunka bata da bakin musu. A 1919 aka fito da Felix, baƙin muzuru mai manyan fararen idanu, Otto Messmer ne ke zanashi amma mai kamfanin, Pat Sullivan, shi ya kwashe suna da kuɗin. Baƙin ma dabara ce, cike jiki da baƙin tawada yafi saurin zanawa akan a tsaya fitar da gashi ɗaya bayan ɗaya. Felix yayi tashe sosai a zamanin finafinan da basu da murya, zai cire jelarsa ya maida ita sanda ko alamar tambaya ya gama ya maƙala abarsa. Har ma lokacin da kamfanin RCA ke gwajin talabijin a New York a 1928, 'yar tsanar Felix suka ɗora akan faifan garmaho tana juyawa a gaban kamara, saboda fitilun suna da zafin da mutum bazai iya daɗewa a gabansu ba, kuma baƙi da fari yafi fita a allon lokacin. Abin dariya a shekarar ne Disney ya fito da Mickey Mouse da sauti, shi kuma Sullivan yayi ta jan ƙafa akan maganar saka murya, kafin ya farga kasuwa ta tashi. Ɓera ya kori mage daga sinima, ba a cikin katun ba, a zahiri.

Sai 1940, inda yawancinmu muka san zancen. William Hanna da Joseph Barbera a kamfanin MGM suka yi wani gajeren katun na muzuru da ɓera, a na farkon ma sunan muzurun Jasper, daga baya aka koma Tom and Jerry. Daga 1940 zuwa 1958 su biyun sun yi guda 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar, kuma duk bakwai ɗin furodusansu Fred Quimby ne ke hawa dandamali ya karɓa, mutumin da ba shi ke zanen ba. Wannan ihun da Tom keyi in guduma ta sauka akan jelarsa, wanda har yau in na tuna sai naji shi a kunnena, muryar Hanna ce da kansa. MGM sun rufe sashen katun nasu a 1957, da suka ga har yanzu akwai kuɗi a abin sai suka bada kwangila can birnin Prague, wani Gene Deitch yayi guda 13 a 1961 da 1962 da ɗan kuɗi kaɗan, sune waɗannan masu wani irin sauti kamar a cikin rijiya, ko muna yara mun san in aka sako su akwai abinda ba daidai ba. Bayansa Chuck Jones yayi 34, shine Tom mai kaurin gira.

Abinda yasa katun ɗin nan ya shiga ko'ina, daga talabijin ɗin gwamnati da yamma zuwa faifan sidi na kasuwa zuwa tashoshin larabawa na dish, ba'a magana a ciki sai nadiran. Babu turancin da zai hanaka ganewa. Kakata da bata jin ko kam na turanci tana zama damu akan tabarma tana cewa kai wannan ɓera Allah ya shiryeka, mu kuma mun cika falon maƙota kowa na addu'a kar a ɗauke wuta. Lokacin duk Jerry muke so. Sai da na girma na fara kwana a ɗakin da ɓera ke cin buhun masara sannan na gane Tom ne aka zalunta, bawan Allah aikinsa kawai yake, an ajiyeshi don kama ɓera, in bai kama ba a koreshi waje da tsintsiya, in ya tashi kamawa kuma a sauke masa fiyano a ka. Kuma sau nawa ya kama Jerry a hannu ya tsaya wasa dashi har ya kuɓuce? Kyanwar Lami ce kawai, ba cizo ba yakushi.

Akwai wani ɓangare da bamu lura dashi ba muna yara. Matar nan mai ƙiba da silifas da kusan kullum ƙafafunta kawai ake nunawa tana yiwa Tom faɗa, baƙar mace ce da aka zana a siffar 'yar aikin gidan turawa irin yadda Hollywood ta saba nuna baƙaƙen mata a wancan zamani, Lillian Randolph ce tayi muryarta. Ƙungiyoyin baƙar fata na Amurka sunyi ƙorafi, daga 1952 ba'a ƙara sakata ba, daga baya ma a wasu kwafin aka sake mata murya ko aka zana wata a madadinta.

Toh magen zane kenan. Mai rai fa? Nan ake yinta. Dabarar da masu horar da dabbobi suka gano itace kar ka dogara da mage ɗaya, ka nemo uku ko huɗu ko fiye masu kama ɗaya, wannan ta iya kwanciya a cinya, waccan ta iya tsalle, wata kuma gudu, sannan a jinkirta musu abinci kafin shutin don su biyo ƙamshin nama zuwa inda ake so su tsaya. Shi yasa jajayen maguna suka cika finafinai, samun masu kama da juna a cikinsu baya wuya. Wanda yafi suna shine wani jan muzuru Orangey na hannun Frank Inn, sau biyu yana cin PATSY, kyautar da ake baiwa dabbobin fim, na biyun a fim ɗin Breakfast at Tiffany's na 1961 inda Audrey Hepburn ta jefar dashi daga tasi cikin ruwan sama sannan ta dawo tana nemansa a lungu. Ko a can ba shi kaɗai bane, akwai masu tayashi.

Amma in ka tambayeni, fitowar da mutane suka fi riƙewa sune waɗanda magen tayi abinda taga dama. Ɗauki bos ɗin James Bond, Blofeld. A fim ɗin Bond na 1963 ba'a nuna fuskarsa ba sam, hannu kawai kake gani da zobe yana shafa wata farar mage mai gashi buzu-buzu yana bada umarnin a kashe mutum, daga nan ne duk wani bos mai ji da kansa a fim ko katun sai an ɗora masa mage a cinya. A na 1967, You Only Live Twice, da aka fara tada bama-bamai a sansanin bos ɗin, magen ta firgita da gaske, idonta waje, ta kafa farce a hannun rigar Donald Pleasence, wanda ya fito a matsayin bos ɗin, tana neman tsira, shi kuma ya matseta yana ƙoƙarin ci gaba da muzurai kamar ba komai. Haka aka barshi a fim ɗin, wlh in ka lura da ita sau ɗaya bazaka ƙara kallon bos ɗin ba a wannan wajen.

Na The Godfather a 1972 yafi bani mamaki. Magen da Marlon Brando ke wasa da ita a farkon fim, yana zaune a duhun ofis ana kawo masa ƙara ranar bikin 'yarsa, bata cikin labarin da aka rubuta. Darakta Francis Ford Coppola ne ya ganta tana yawo a sutudiyo ya ɗauka ya ajiye masa a cinya. Ita kuma taji daɗin hannu ta miƙe ta fara wannan gurnanin nasu na jin daɗi, grrr grrr, har ya rufe maganar Brando a makirfo sai da aka sake ɗora wasu kalaman daga baya. Mutum yana maganar kisa a hankali yana sosa cikin mage, ita tana kama yatsansa da wasa, duk wani bayani akan wane irin mutum ne wannan dattijo an gamashi a nan ba tare da kowa ya faɗa ba. A Alien na 1979 kuma maguna huɗu suka fito a matsayin Jones, muzurun fim ɗin, kuma don a samu ya yi wannan hucin yana kallon dodo sai da aka ɓoye wani katon kare bayan allo aka janye allon kwatsam. Dodon da aka kashe kuɗi aka ƙera ko a jikinsa, kare dai shine abin tsoro.

Da kwamfuta ta zo sai aka ɗauka an huta. Garfield na 2004 da kwamfuta aka yishi aka sakashi cikin mutane, Puss in Boots ma a shekarar ya fito a Shrek 2 da muryar Antonio Banderas, mai cire hula ya zaro ido kamar maraya, wanda duk mai mage ya san wannan kallon in kana cin kifi. Sai 2019 aka wuce gona da iri, fim ɗin Cats, aka ɗauki manyan taurari irinsu Idris Elba da Taylor Swift da Judi Dench aka lulluɓe su da gashin kwamfuta, fuska ta mutum jiki na mage, abu kamar wanda zaka gani a mafarkin zazzaɓi. A wani wajen ma an manta hannun Judi Dench yana nan na mutum harda zobenta, sai da kamfanin ya aikawa sinimomi gyararren kwafi bayan an riga an fara nunawa. Ko kuɗin da aka kashe bai dawo ba.

Shi yasa har yanzu wasu daraktocin suke komawa ga mai ran duk da wahalarta. A A Quiet Place: Day One na 2024 maguna biyu ne, Nico da Schnitzel, suka fito a matsayin ɗaya, ita kuma jarumar, Lupita Nyong'o 'yar Kenya, tsoron mage take har ta roƙi a canza dabbar, darakta yaƙi. Sai da aka riƙa kawo mata su a hankali har ta iya taɓawa, ana gama fim ta je ta ɗauko nata muzurun ta ajiye a gida.

Na baya-bayan nan shine Flow, daga Latbiya, ƙasar da mutanenta basu kai miliyan biyu ba. Wani matashi Gints Zilbalodis yayi shi da Blender, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta, labarin wata mage mai duhun launi kamar baƙa da ambaliya ta cinye mata gida ta faɗa jirgin ruwa da kare da wasu dabbobi. Mu nan da baƙar mage in ta gifta da daddare sai an yi a'uziyya, wasu har jifa, sai gashi ita ce jaruma. Babu magana ko ɗaya a fim ɗin, bata tafiya da ƙafa biyu, bata saka takalmi, tana tsoron ruwa kamar kowace mage. A watan Maris 2025 ya ci Oscar na katun, na farko a tarihin ƙasar, ya doke Inside Out 2 na Disney da ya tara sama da dala biliyan ɗaya da rabi. Zakaran da Allah ya nufa da cara kenan, sai dai wannan karon muzurun ne da kansa yayi caran.

Kukan da ake ji a fim ɗin na mage ne na gaske, ta gidan mai haɗa sautin ce, sunanta Miut. Mage ce mai surutu, yini take tana miyau, amma da ya nufota da makirfo sai tayi gum ta zuba masa ido. Ƙarshe sai ɓoye na'urorin yayi a cikin gidan ya riƙa ɗaukarta a sace bata sani ba.