Gwamna ya ja layi a kan kasafi, jama'a suka fito titi: tambayoyi da amsoshi kan rikicin Alaska na 2019

Wane irin iko ne wannan da gwamna zai soke kuɗin da majalisa ta riga ta amince a kashe?

A yawancin jihohin Amurka, 44 daga cikin 50, idan majalisar dokoki ta gama aikin kasafin kuɗi ta aika wa gwamna, ba dole ba ne ya karɓe shi duka ko ya ƙi shi duka. Yana iya bin takardar layi-layi, ya sa hannu a kan abin da ya yi masa, ya hau kujerar naƙi a kan wanda bai yi masa ba. Shugaban ƙasar kansa ba shi da wannan dama. An taɓa ba shi ita a 1996, lokacin Bill Clinton, Kotun Ƙoli ta ƙwace a 1998.

Alƙalamin gwamnan Alaska ya fi na sauran kaifi. Tsarin mulkin jihar ya ba shi ikon ya goge kuɗi gaba ɗaya ko ya rage adadinsu, sannan idan majalisa na son mayar da abin da ya goge sai ta haɗa kashi uku cikin huɗu na 'ya'yanta. Majalisun biyu suna da mutum 60, wato sanatoci 20 da wakilai 40, saboda haka ana bukatar ƙuri'a 45. A jihohi da yawa kashi biyu cikin uku ya wadatar. Juya lissafin ka gani: muddin gwamnan Alaska yana da mutum 16 a bayansa, duk abin da ya goge ya gogu.

To me Gwamna Mike Dunleavy ya yi?

Ranar 28 ga Yunin 2019, saura kwana uku sabuwar shekarar kuɗi ta fara, ya sanar da soke kimanin dala miliyan 444 daga kasafin da majalisa ta riga ta rage da kanta. Jami'ar Alaska ce ta fi shan duka: dala miliyan 130, wanda idan aka haɗa da abin da majalisa ta zabge ya kai kusan kashi 41 cikin ɗari na tallafin da jihar ke ba ta. An cire miliyan 50 daga shirin kula da lafiyar marasa ƙarfi, an kuma soke kuɗin gyaran haƙoran manya a ƙarƙashinsa. An share tallafin wata-wata na tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi sama da 11,000, waɗanda ke karɓar tsakanin dala 76 da 250. Kuɗin makarantun share fage na yara, na gidajen rediyon al'umma, na hukumar raya fasaha, na matsugunan marasa gida, duk alƙalami ya bi ta kansu.

Akwai wani ɗan ƙaramin adadi da ya fi girmansa tayar da ƙura: dala 334,700 da ya cire daga kasafin kotunan ɗaukaka ƙara. Takardar da ta fito daga ofishinsa ba ta ɓoye dalili ba. Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa dole gwamnati ta ci gaba da biyan kuɗin zubar da ciki ga matalauta, shi kuma ya ce to a cire daidai wannan kuɗi daga aljihun kotu. Ko mutum yana ƙin hukuncin kamar me, horar da alƙali da yunwa saboda hukuncinsa wani abu ne daban. Daga baya wata kotu ta ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki.

Jiha mai arzikin mai, me ya kai ta ga wannan tsuke bakin aljihu?

Man ne ya kai ta. Alaska ba ta karɓar harajin albashi tun 1980, ba ta kuma da harajin cinikayya na jiha. Shekara da shekaru kuɗin ɗanyen mai ne ke riƙe da gwamnati. Da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, sai aka koma cin asusun ajiya.

Sannan ga rabon shekara-shekara. A 1976 jihar ta kafa asusun dindindin da take zuba wani kaso na kuɗin mai, kuma tun 1982 ake raba wa kowane mazaunin jihar wani abu daga ribarsa, babba da yaro har jariri. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu kaso shida yake karɓa. A ƙauyukan da babu hanyar mota, inda man dumama ɗaki da kayan abinci ke zuwa ta jirgin sama ko na ruwa, wannan kuɗi ba na shan shayi ba ne, da shi ake shiga hunturu. A 2016 Gwamna Bill Walker ya yi amfani da wannan alƙalami ya raba rabon biyu, ya koma dala 1,022, jama'a ba su yafe masa ba. Dunleavy ya ci zaɓen 2018 ne da alƙawarin biyan cikakken rabo, kusan dala 3,000 kowane kai, ba tare da sabon haraji ba. Wannan alƙawari kaɗai yana cin kusan dala biliyan 1.9 a jihar da mutanenta ba su wuce 730,000 da ɗoriya ba. Idan ba haraji, kuma ba za a taɓa rabo ba, ai sai makaranta da asibiti. Kowa ya iya lissafi ya san haka tun kafin zaɓe, amma jin "za a rage kashe-kashen gwamnati" daban, ganin sunan makarantar ɗanka a jerin daban.

Yaya jama'a suka karɓi abin?

Da zafi, kuma daga ɓangarorin da ba su saba zama inuwa ɗaya ba. Ɗalibai da malaman jami'a sun fito, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya girgiza 'yan siyasa shi ne shigowar ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ma'aikatan banki, shugabannin addini da manyan ƙungiyoyin 'yan asalin yankin, suna cewa yanka irin wannan a dare ɗaya zai jefa jihar cikin karayar tattalin arziki. An yi gangami a Anchorage, Fairbanks, Juneau da ƙananan garuruwa. Wayoyin ofisoshin 'yan majalisa ba su huta ba. Lokacin ma ya zo da nasa: a ranar 4 ga Yuli zafi ya kai digiri 32 a Anchorage, abin da ba a taɓa aunawa ba a birnin, ga hayaƙin gobarar daji ya rufe sama. A cikin wannan yanayi mutane suka riƙa tsayuwa da kwalaye ɗauke da lamba 45.

Amma kada a ɗauka kowa ne ya fusata. A kwarin Matanuska-Susitna, inda gwamnan yake da gida da magoya baya, mutane da yawa sun ce ai abin da suka zaɓe shi ya yi ke nan. Hujjarsu ita ce gwamnati ta yi ƙiba a zamanin da mai ke tsada, kuma rabon shekara haƙƙinsu ne da doka ta tsara yadda za a lissafa shi, ba kyautar 'yan majalisa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: rage rabo haraji ne a fakaice, kuma talaka ya fi mai kuɗi jin zafinsa, tun da dala dubu ɗaya ake cire wa kowa.

Majalisa ta yi yunƙurin mayar da kuɗin?

Ta yi, sai dai a rabe, kuma rabuwar ta zahiri ce. Gwamna ya kira zama na musamman ya ce a yi shi a Wasilla, garinsa. Shugabar majalisar dattawa Cathy Giessel, 'yar jam'iyyarsa ta Rifablikan, da kakakin majalisar wakilai Bryce Edgmon suka ce majalisa ce ke zaɓar inda za ta zauna, suka nufi Juneau, babban birnin jihar, wanda ba a shigarsa da mota sai ta sama ko ta ruwa. Kimanin mutum 22 suka tafi Wasilla, aka jera musu tebura a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare. Ba su kai adadin da za su yanke komai ba, sai su yi addu'a, su yi mubaya'a ga tuta, su tashi. Wata rana masu zanga-zanga suka kutsa suka zauna a kujerun nasu suna rera taken a soke naƙin gwamna.

A Juneau kuwa, ranar 10 ga Yuli, aka kaɗa ƙuri'a: 37 na son mayar da kuɗin, 1 ya ƙi. Saura takwas. Tsarin mulki ya ba da kwana biyar kacal, wa'adi ya cika, soke-soken suka tabbata. Waɗanda suka zauna a Wasilla ba su sha wahalar ɗaga hannu su goyi bayan yanke kuɗin tsofaffi a gaban kyamara ba. Rashin zuwansu ya yi musu aikin.

Ranar 22 ga Yuli hukumar gudanarwar jami'a ta ayyana halin matsin kuɗi na gaggawa, matakin da ke ba ta damar sallamar ko da farfesoshin da aikinsu ya tabbata.

Daga nan ne maganar kiranye ta taso?

Daga nan ne. Ranar 1 ga Agusta aka fara tattara sa hannu don yi wa gwamna kiranye. Waɗanda suka jagoranta ba 'yan tayar da zaune tsaye ba ne: akwai Joe Usibelli, attajirin haƙar kwal, da Arliss Sturgulewski, tsohuwar sanata 'yar Rifablikan, da Vic Fischer, dattijon da ya haura shekara 90, wanda yana cikin waɗanda suka rubuta tsarin mulkin jihar. Matakin farko na bukatar sa hannu 28,501. Cikin mako biyar suka miƙa 49,006.

Doka ba ta yarda a yi wa gwamna kiranye don kawai ba a son manufarsa ba, sai an nuna gazawa ko sakaci da aiki ko rashin cancanta ko cin hanci da rashawa. Saboda haka takardar ƙorafin ba ta tsaya kan jami'a ko tsofaffi ba. Ta kawo jinkirinsa wajen naɗa alƙali cikin kwana 45 da doka ta gindaya, da amfani da kuɗin gwamnati wajen tallan siyasa, da waccan dala 334,700 ta kotu, da wasu miliyoyin kuɗin lafiya da ya soke bisa kuskure. Antoni janar na jihar ya ce dalilan ba su isa ba, aka tafi kotu, a watan Mayun 2020 Kotun Ƙolin jihar ta ce a ci gaba.

Shin matsin lambar ya yi tasiri, ko ihu ne bayan hari?

Ya yi, kuma da wuri. Ƙasa da mako biyu da fara sa hannun kiranye, gwamna ya zauna da shugabannin jami'a aka mayar da yankan miliyan 135 na shekara guda, wato nasa haɗe da na majalisa, zuwa miliyan 70 a cikin shekara uku. Ya dawo da tallafin tsofaffi da kuɗin makarantun share fage da na hukumar raya fasaha. Ya kuma sa hannu a kan rabon da bai kai alƙawarinsa ba, aka biya kowa dala 1,606. Shi dai ya ce soke-soken sun buɗe tattaunawar da jihar ke gudu ne. Ni a ganina layukan mutane a teburan sa hannu ne suka yi magana.

Duba abin da ya dawo da wanda bai dawo ba. Tsohuwar da aka yanke wa dala 250 ana iya nuna ta a talabijin, haka yaro ɗan shekara huɗu da aka rufe wa aji. Kuɗin gyaran haƙoran talakawa da na gidajen rediyon ƙauye ba su samu masu tsaya musu da wannan ƙarfi ba, aka sake soke su a watan Agusta.

Kiranyen kansa bai kai gaci ba. Mataki na biyu na bukatar sa hannu 71,252, sai annobar korona ta hana taruwa, aka yi ta jan ƙafa har aka haƙura a Agustan 2021. A zaɓen fid da gwani na 2020 ma wasu 'yan Rifablikan da suka ja da gwamna, ciki har da Giessel, sun rasa kujerunsu. A 2022, shekarar da aka raba wa kowa dala 3,284, Dunleavy ya sake cin zaɓe.

A Najeriya gwamna na iya yin irin wannan?

Ba ta wannan hanya ba. Sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu a kan ƙuduri ko ya ƙi, majalisar jiha kuma na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku. Babu ikon goge layi ɗaya a bar saura, kuma masu zaɓe ba sa yi wa gwamna kiranye, sai dai su yi wa 'yan majalisa. Amma wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikata ya san inda namu naƙin yake: kuɗi na nan a rubuce a kasafi, ba a dai sake su ba. Bambancin shi ne gwamnan Alaska dole ya buga jerin abin da ya soke da adadinsa da sa hannunsa, shi ya sa mutane suka san lambar da za su rubuta a kwali.

An taɓa samun waɗannan ƙuri'u 45 kuwa?

An samu, bayan shekara shida. A 2025 Dunleavy ya rage kimanin dala miliyan 50 daga ƙarin kuɗin makarantun gwamnati, ya kira zama na musamman a watan Agusta. A wannan karo 'yan majalisa sun hallara a Juneau, har da Giessel da ta dawo kujerarta a zaɓen 2022. Aka ƙirga hannu, 45 cif suka ce a mayar da kuɗin, 14 suka ƙi.