Mene ne "tsarin Siwis" a gasar ces?

Duk mai leƙa sanarwar gasar da kulob ɗin ces (chess, wasan allo mai kama da dara) na unguwa ko na makaranta ke shiryawa, da wuya bai taɓa ganin an rubuta "zagaye biyar, tsarin Siwis" ba. Hanya ce ta haɗa 'yan wasa wadda ba a fitar da kowa daga gasa, kuma ba sai kowa ya kara da kowa ba. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan aka fara amfani da ita a 1895, daga nan sunan ya bi ta.

A ce mutum 40 ne suka yi rajista, ɗakin taron kuma aronsa aka bayar na ranar Asabar kaɗai. In aka ce kowa da kowa, zagaye 39 ake buƙata, ba ta yiwuwa. In kuwa sili-ɗaya-ƙwale aka yi, tun hantsi rabin mutanen sun kama hanyar gida, har da yaron da ya biya kuɗin mota don ya zo ya koyi wani abu, ya buga wasa ɗaya tak. Wannan yaron shi ne dalilin da ya sa ƙananan kulob-kulob ke riƙe da tsarin Siwis. Ko an cinye shi sau uku a jere, kujerarsa na nan a zagaye na huɗu, kuma a lokacin da tsaransa zai zauna.

Wanda ya ci yana da maki 1, canjaras rabin maki, wanda aka ci ba shi da komai. A zagayen farko ana jera mutane gwargwadon ƙarfinsu, a raba jerin gida biyu: na 1 ya kara da na 21, na 2 da na 22, haka har ƙasa. Shi ya sa wasannin farko ba sa daɗewa, kura ce da akuya. Daga nan sai a riƙa haɗa masu maki iri ɗaya. Ba a maimaita wa mutum abokin karawa. Tunda mai fararen 'ya'yan wasa ne ke fara tafiya kafin mai baƙaƙe, kuma hakan fifiko ne, alƙali na lura kada wani ya riƙe launi ɗaya sau uku a jere. In adadin 'yan wasa mara ne, wani daga ƙasan teburi zai huta a ba shi maki kyauta, sau ɗaya kawai a duk gasar. A da da katuna ake wannan lissafi, yanzu manhajoji irin su Swiss-Manager ke fitar da jadawali nan take.

Zagaye biyar kan isa a tace mutum 32 har a bar ɗaya da ya ci duk wasanninsa in ba a yi canjaras ba, shida kuma 64. Amma gaskiyar tsarin a saman teburi take. A tsakiya za ka tarar da mutum bakwai ko takwas da maki 3, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba: wani da gwanaye ya sha fama, wani kuwa sa'ar jadawali ya samu. Don raba gardama ake amfani da lissafin Buchholz, wato a tara makin duk waɗanda ka kara da su, wanda abokan karawarsa suka fi ƙarfi shi ke gaba. Akwai ma masu wayon da ba sa jin zafin canjaras a zagayen farko, don sun san za ta sauko da su wurin masu sauƙi.

Gasar Olimfiyad ta hukumar ces ta duniya, FIDE, ta koma wannan tsari tun 1976. Masu kallon ƙwallo kuma sun ji ana danganta sabon fasalin Gasar Zakarun Turai da shi tun kakar 2024/25, inda ƙungiyoyi 36 ke teburi ɗaya, kowacce da wasa takwas. Sai dai a can tun kafin a taɓa ƙwallo ake fitar da dukkan abokan karawa ta hanyar ƙuri'a. A ces kuwa ba ka sanin wanda za ka zauna da shi sai an kammala wasan ƙarshe na zagayen da ake ciki.