Me ya sa bidiyon HDR ke fitowa a koɗe a kwamfuta?

Masu shagon tura fina-finai da masu haɗa bidiyon biki a garuruwa irin su Ringim, Gumel da Dambatta sun sha kawo ƙorafi ɗaya: bidiyo ya yi kyau a wayar da ta ɗauka, amma a kwamfuta sai ya yi fari-fari kamar ranar hazo.

Bidiyon ne ya lalace wajen turawa?

A'a, lafiyarsa ƙalau. An ɗauke shi da tsarin HDR, wato tsarin hoto mai ƙarin haske da launi, allon kwamfutar kuwa na tsohon tsari ne, SDR. Shi SDR an gina shi a kan hasken nit 100 (nit ma'aunin hasken allo ne), kowane launi yana da mataki 256. HDR10, wani nau'in HDR, mataki 1,024 gare shi, kuma galibi ana gyara shi a kan nit 1,000 ko fiye. Idan manhajar kallo ta miƙa wa allo waɗannan lambobi ba tare da ta daidaita su da ƙarfinsa ba, sai baƙi ya koma toka-toka, jan atamfar amarya ya dusashe, fuskoki su yi fayau. Wayoyin iPhone daga 12 zuwa sama da HDR a kunne suke zuwa, shi ya sa abin ya yawaita.

Ta yaya zan gane ko allona yana ɗaukar HDR?

A Windows 11 shiga Settings, System, Display. In ka ga maɓallin Use HDR, yana ɗauka. Yawancin laftof na hannu ba su da shi. Allon da aka rubuta wa DisplayHDR 400 yana karɓa, amma bambancin kaɗan ne. Daga DisplayHDR 600 ake fara ganin amfani.

Talabijin ɗina na HDR ne, amma da na haɗa shi da kwamfuta ya ƙi nuna HDR. Ina matsalar?

Fara da wayar haɗi. VGA ba ta ɗaukar HDR sam. Ana buƙatar HDMI 2.0a ko DisplayPort 1.4, a ɓangaren kwamfutar ma, ba talabijin kaɗai ba. Sannan danna Windows da P ka zaɓi Extend, don idan hoto ɗaya ake nunawa a allo biyu HDR yakan ƙi. Kuma in aka ɗauke wuta laftof ya koma batir, Windows yakan kashe HDR don tattalin caji. Masu sola, ku lura da wannan.

Me ya sa bidiyon yake tsinkewa?

Akasarin bidiyon HDR da tsarin matse bidiyo na HEVC mai bit 10 aka matse shi. Furosesan Intel daga ƙarni na 7 ne ke da sashen warware shi gaba ɗaya. Tsofaffi sai su yi ta fama, fanka na ihu, hoto na tsalle.

To mene ne mafita ba tare da sayen sabon allo ba?

Don kallo, manhajar mpv tana daidaita launin da kanta. Amma in kwastoma za ka tura wa a memori, mayar da bidiyon SDR tun a shago ya fi: buɗe shi a manhajar HandBrake, a sashen Filters saita Colorspace zuwa BT.709, ka zaɓi tsarin matsewa na H.264, sannan ka fitar. Ajiye na asalin, kada ka goge. Mai ɗaukar biki da iPhone kuwa ya shiga Settings, Camera, Record Video, ya kashe HDR Video tun kafin ranar ɗaurin aure.