Waiwaye: yadda tseren kwalekwale na dogon zango ya baro kogi

Duk sanda aka gama gasar duniya ta tseren kwalekwale na dogon zango sai gardamar nan ta sake tashi. Wasu na cewa abin da ake yi yanzu ba shi ne wasan da suka sani ba, zagaye ne kawai a kwantaccen ruwa, mutum ya tuƙa kilomita wajen 30 yana ta dawowa gaban 'yan kallo, ya fito ya ruga da kwalekwalensa ta hanyar da aka shirya musamman sannan ya koma ruwa. Ga kuma gajeren tseren da aka ƙaro a 'yan shekarun nan wanda ko kilomita 4 bai kai ba. Wasu kuma su ce to in ba haka ba wa zai zo kallo, wace talabijin ce za ta bi mutum cikin daji? Ana maganar kamar jiya abin ya faro, alhali ya daɗe yana tafe.

Asalin wasan dai a kogi yake, daga wannan gari zuwa wancan. Na kogin Sella a Sifaniya tun wajen 1930 ake yinsa, na yankin Mauricie a Kanada 1934, na kogin AuSable a Amurka 1947. A Ingila an fara na Devizes zuwa Westminster a 1948, mil 125 ne kuma sau 77 ake fitowa a ɗauki kwalekwale saboda ƙofofin ruwa. Tseren Dusi na Afirka ta Kudu ya biyo a 1951. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 1956. Tun da tseren kwalekwale ya shiga Olamfik a Berlin a 1936 akwai zangon mita 10,000 a ciki, an yi shi a 1948, an yi a 1952, an kuma yi a tafkin Wendouree na Ballarat a gasar Melbourne ta 1956, inda Gert Fredriksson ɗan Suwidin ya ci zinare kamar yadda ya ci a 1948. Daga nan shi ke nan. Da aka je Rum a 1960 mafi tsawon zango mita 1,000 ne, kuma har Paris a 2024 haka abin yake.

Kilomita 10 ba wani dogon zango ba ne in aka gwada da Dusi, gaskiya ne, amma shi ne igiyar da ta ɗaure masu juriya da babban fage. Mai tuƙa kilomita 10 dole ya iya tattala numfashi, ya iya bin igiyar ruwan na gabansa don ya rage wa kansa wahala, ya iya juyawa cikin cunkoso, kuma waɗannan su ne dabarun dogon zango har gobe. Da zangon ya fita sai ya zama yaro mai hazaƙa a kulob in yana mafarkin lambar Olamfik to tseren da bai wuce minti huɗu ba zai koya, kociyoyi ma can suka karkata, kuɗin horo kuma inda lamba take nan yake zuwa. Masu dogon zango suka rage da kogunansu da aljihunsu da 'yan sa kai masu tsaron gaɓa cikin dare. Ni a ganina a nan aka rabu gida biyu, shekara 32 kafin ma a yi gasar duniya ta farko ta dogon zango a Nottingham a 1988.

To ka ga lokacin da aka zo tsara gasar duniyar, wasan ya riga ya zama mai neman shiga Olamfik daga waje, kuma mai neman shiga shi ke gyara kansa ya dace da ƙofa. Kogi ba ya ba kowa ruwa iri ɗaya, bana ya cika baɗi ya ƙafe, ɗan kallo kuma sau ɗaya zai ga wucewarka. Zagaye ya magance duk wannan, sai dai ya tafi da karatun ruwa, wato sanin inda kogi ke da ƙarfi da inda dutse ya ɓuya, abin da tsofaffin matuƙa ke kuka a kai ke nan kuma ina ganin suna da hujja. Bayan 1993 ma mita 10,000 ta fita daga gasar duniya ta gajeren zango.

Kogunan ba su mutu ba, Yukon River Quest a Kanada da aka fara a 1999 kilomita 715 ce kuma mutane na zuwa daga ƙasashe da dama. Dogon zango ya samu gurbi a World Games, gasar wasannin da ba sa cikin Olamfik, an yi shi a Birmingham ta Amurka a 2022. Masu cewa sai an ƙara gajarta shi kafin ya shiga Olamfik kuwa ya kamata su duba ninƙayar kilomita 10 da ta shiga a Beijing a 2008, wadda ke cin kusan awa biyu, kusan daidai da abin da matuƙin kilomita 30 ke ɗauka.