Masu gwajin wasannin bidiyo

Mai gwajin wasan bidiyo ma'aikaci ne da kamfani ke ɗauka domin ya farauto kurakuran wasa kafin a kai shi kasuwa. Samarin Maraɗi da ke yini a ɗakunan PlayStation suna buga ƙwallo kan zaci babu sana'ar da ta kai wannan daɗi: ka yi wasa, a biya ka. Na ciki ne ya san ɗacinta. Ana iya ware wa mutum lungu ɗaya na wasa ya yi kwanaki yana buɗe ƙofa guda yana rufewa, ko za ta maƙale. In ya ga tangarɗa, sai ya sake jawo ta da gangan, ya rubuta matakan da ya bi dalla-dalla, ya tura wa masu rubuta manhaja. In sun ce sun gyara, ya koma ya tabbatar.

A masana'antar, albashin masu gwaji na cikin mafi ƙanƙanta, kuma da yawansu ƴan kwantiragi ne ta hannun wani kamfanin dabam. Idan ranar fitar da wasa ta ƙarato, aiki kan koma ba dare ba rana, har da Asabar da Lahadi. Wasa na fita, sai a sallami wasu. In kuma ya fito da kurakurai, su jama'a ke fara zargi, alhali sau da dama sun riga sun kai rahoto, manya ne suka ƙi ɗage ranar.

Abin lura, waɗannan na ƙasan ne suka riga kowa kafa ƙungiyar ƙwadago, wato sandika, a manyan kamfanonin wasa na Amurka. A Disamban 2021 ma'aikatan Raven Software, reshen Activision Blizzard a jihar Wisconsin, suka tafi yajin aiki bayan an sallami wasu masu gwaji ƴan kwantiragi. A Mayun 2022 masu gwajin Raven suka amince da kafa ƙungiya da ƙuri'a 19, uku suka ƙi. Ana cikin wannan dambarwa Activision ta mayar da masu gwaji kusan 1,100 ma'aikatan dindindin, da aƙalla dala 20 a awa. A Janairun 2023 Microsoft ta amince da ƙungiyar masu gwaji wajen 300 na ZeniMax, kamfanin wasa mallakarta.

A Edmonton ta Kanada labarin ya sha bamban. Masu gwajin Keywords Studios da ke yi wa kamfanin wasa na BioWare aikin kwantiragi sun kafa tasu a 2022 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, amma da kwantiragin ya ƙare a 2023 aka sallame su.