Rashin Hayaƙi Ba Ya Nufin Rashin Illa

Da hunturu ya kankama a Argungu ko Gwandu, sai a zuba gawayi a kasko, a jira ya zama garwashi, a shiga da shi ɗaka a ja ƙofa. Tun muna yara muke jin cewa hayaƙi ne kaɗai ke cutarwa, in ya wuce shi ke nan. Wannan kuskure ne, kuma yana cin rayuka.

Garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sama da sau 200. Mutum ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya, barci mai nauyi ya ɗauke shi, ƙila bai farka ba. Yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu sun fi shiga haɗari.

Akwai wata hanyar kuma: a Turai wasu na ɗumama gida da murhun ƙwayoyin dusar katako da aka matse. Mu ma muna da buntun shinkafa jibge a bakin injina, ana iya matse shi haka, a rage saran itace, tunda kilo 1 na gawayin gargajiya kan ci kilo 5 na itace ko fiye. Sai dai murhun na da tsada, yawancinsu sai da lantarki, kuma duk tsabtar wutarsa sai an sa masa bututu mai fitar da iska waje.

Don Allah, kafin a kwanta a fitar da kaskon zuwa tsakar gida.