Sinadaran Tsirrai Masu Kare Ƙwaƙwalwa Daga Shanyewar Ɓarin Jiki

Sinadarai ne da ake tatsowa daga tsirrai, ana bincike a kansu ko za su rage ɓarnar da ke samun ƙwaƙwalwa idan jini ya yanke mata. Kusan kashi 85 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki toshewar jijiyar jini ce ke jawo ta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke tsakiyar wurin kan mutu cikin mintuna, na gefe kuwa sukan jure na wasu sa'o'i. Na gefen nan ake fafutukar cetowa.

Tarihi

Itacen ginkgo na ƙasar Sin na cikin waɗanda aka fi daɗewa ana nazarinsu. A Japan aka fara ware sinadaransa, wato ginkgolide, wajajen 1932. Koji Nakanishi da abokan aikinsa suka fayyace tsarinsu a 1967, sannan Elias Corey na Jami'ar Harvard ya haɗa ginkgolide B a ɗakin gwaji a 1988. Aikin ginkgolide B shi ne daƙile wani sinadarin jiki da ke sa ƙwayoyin jini manne wa juna, yana kuma tada kumburi.

Wanda ya fi yin nisa shi ne butylphthalide, da masu bincike a Sin suka samo daga ƙwayar irin seleri, ganyen miya mai ƙamshi. Daga baya aka koma haɗa shi a masana'anta, kuma hukumar magunguna ta Sin ta amince da shi a 2002. A wani gwaji da aka wallafa a 2023 kan marasa lafiya 1,216 da aka riga aka buɗe musu jijiya, kusan kashi 57 na waɗanda suka sami maganin sun farfaɗo da kyau bayan kwana 90, a rukunin da ba su sami maganin ba kuwa kashi 44.

Kurkum

Sinadarinsa mai launin rawaya an ware shi a Faransa a 1815. Yana rage kumburi a ƙwaƙwalwar ɓeraye, amma hanjin mutum kaɗan yake tsotsa.

Matsayin bincike

Magunguna da yawa sun yi aiki a dabbobi, suka gaza a mutane. Amurka ba ta amince da butylphthalide don wannan ciwo ba. Ana kuma saɓani kan ko ginkgo na ƙara haɗarin zubar jini. Babu ɗayansu da ke maye gurbin allurar narkar da gudan jini, wadda galibi ake yi cikin awa 4 da rabi daga fara karkacewar baki ko mutuwar hannu.